Ƙiyasin Malam Ɗahiru

Malam Ɗahiru maɗinkin manyan riguna ne a Kabara. A farkon shekara ya ƙiyasta abin da zai samu, ya biya harajinsa tun da wuri ta intanet. Bayan ƙaramar sallah sai yanar ido ta rufe shi, zura zare a allura ya gagara, aiki ya tsaya cak.

Da lokacin bayyana ainihin abin da ya samu ya zo, 'yarsa Bahijja, malamar firamare, ta zauna kusa da shi a zaure, ta buɗe shafin harajin a wayarta.

"Baba, ƙiyasinka ya zarce samunka nesa ba kusa ba. Akwai wurin gyara, sai a ajiye maka rarar zuwa baɗi."

"Bar shi haka," in ji shi. "Ban saba bayarwa in dawo ina nema ba."

Bahijja ta gane ba kuɗin ne damuwarsa ba. A wurinsa, rage adadin nan amincewa ce cewa idon ya tafi ke nan.

"Ai ba roƙo ba ne, Baba. Samun bana aka tambaye ka, bana kaɗai. Likita ma ya ce in an yi aikin za ka koma ɗinkinka."

Ya daɗe yana murza bakin rigarsa. Can ya faɗa mata adadin a hankali, ta shigar, ta tura.

"Sun karɓi gyaran, Baba."

"To, alhamdulillahi," ya ce. "Yaushe ma likitan ya ce mu koma?"