Yashi a Fuskar Malam Mustafa

Minti goma sha ɗaya ne duka-duka bidiyon, kuma Salim ya kalle shi ya fi sau hamsin. Malam Mustafa na zaune a kan buzu a zaurensa na Rigasa, yana jero sunayen malaman da ya ɗauki Alƙur'ani a hannunsu, wane daga wane, har zuwa inda saninsa ya tsaya. Murya ta fito tar. Hoton ne matsala. Daga rawani har gemu wasu ɗige-ɗige ne ke ta motsi, ja da kore da toka-toka, kamar an watsa wa gilashin tsaki. Salim yashi yake ce wa abin.

Ya san inda yashin ya fito. Shekara goma sha huɗu yana ɗaukar biki da suna da walima daga ɗan shagonsa na Malali, ba wanda ya koya masa, da ɓarna ya iya. Idan haske ya yi wa kyamara kaɗan, aka kuma bar ta a oto tana yanke wa kanta hukunci, sai ta ƙara wa ɗan hasken da ta samu ƙarfi, kamar mai ƙure muryar rediyo a tashar da ba ta kama sosai ba: magana ta ƙaru, shuu ɗin ma ya ƙaru. Maganin abin ba wuya. Ka buɗe idon kyamarar iyakar buɗewarsa, ka rage mata saurin ƙiftawa, ka hana ta wannan ƙarin ƙarfin. Gaba da komai ka kawo haske, ko ka kai mutumin inda haske yake.

Ranar da ya yi ɗaukar akwai fitila a jakarsa. Da hantsi ne ma, rana na waje, asabarin ƙofa kawai aka saki. Abin da ake bukata shi ne ya ce, "Malam, a ɗan matso nan," ko ya miƙe ya naɗe asabarin. Bai iya ba. Wannan tsohon ne ya gyara masa karatun sallah yana da shekara talatin da 'ya'ya biyu, ba tare da ya taɓa kunyata shi a gaban sauran manyan da ke ɗaukar karatu bayan la'asar ba. Kuma mutum ne da ya ƙi hoto duk rayuwarsa, ranar ce kaɗai ya yarda, don kada sunayen malamansa su bi shi kabari. Salim ya kafa kyamara, ya danna, ya durƙusa gefe ya sunkuyar da kai kamar yadda ya saba a zauren. Ko ɗan allon kyamarar bai leƙa ba, don leƙa shi kallon Malam ne ido cikin ido.

Wata biyar bayan nan Malam ya rasu.

Bayan an share makoki 'yarsa Hajiya Hajara ta zo shagon daga Unguwar Rimi. Ta ce ba su da hotonsa sai wani ɗan ƙarami na fasfo da ya koɗe har ba a gane shi. Tana son ta aika wa dangi bidiyon a ƙauyensu na wajen Sakkwato, ta kuma ajiye wa 'ya'yanta, to amma a haka ido ba ya iya jure kallonsa.

"Ba a iya wanke shi?" ta ce.

"Ana gwadawa, Hajiya. Ki dawo ranar Asabar."

Yana da wata manhaja a kwamfuta da ke wannan aikin. Tana bin hoton sala-sala, duk abin da ta ga siriri ne mai duhu, yana nan yana can, sai ta shafe shi. Wuni guda ta ɗauka, an ɗauke wuta sau biyu a tsakani. Da ta gama Salim ya kunna, ya jingina da kujera. Kai ka ce an ɗauke labule. Ga farin rawani, ga allunan da ke jingine a bango, ga Malam fes, har ƙwayar idonsa na sheƙi. Ya ji daɗi ƙwarai, har ya tura a sayo masa shayi.

Sai a kallo na uku ya lura da kuncin. Malam na da tsagar gidansu a kuncinsa na hagu, wanda ke fuskantar kyamara, wasu siraran zane da tsufa ya dusasar har suka shiga cikin tamoji. Yanzu kuncin sumul yake kamar na jariri. Manhajar ba ta san tsaga ba. Ta ga abu siriri mai duhu, ta haɗa shi da yashi ta share.

Ya rage mata ƙarfi, yashi ya dawo. Ya tsaya a tsakiya, ya samu rabin yashi da kunci mai dishi-dishi, ba wannan ba wancan. Kwana biyu yana juya abin, daga baya ya gane ba kwamfutar yake juyawa ba, kansa ne.

Ƙarya ce ko ba ƙarya ba ce? Bai ƙara komai ba, ragewa aka yi. Amare nawa ya goge wa ƙuraje, ya haskaka wa fata, suka yi ta godiya? To amma amarya na nan da ranta, gobe za a gan ta a gidan suna da fuskarta ta gaskiya, hoton ba zai maye gurbinta ba. Malam kuwa ba sauran inda za a je a duba. Duk fuskar da ya miƙa ranar Asabar, ita ce za ta zama fuskar Malam wurin jikokinsa da jikokin jikokinsa. Akwai kuma wani abu a ƙarƙashin wannan, wanda ya fi damunsa: hoton da aka wanke yana rufa masa asiri. Wanda ya kalle shi ba zai taɓa sanin cewa mai ɗaukar ya yi sakaci ba.

Ranar Asabar bayan azahar keke ya sauke Hajiya Hajara a bakin shagon. Suka gaisa, ta zauna a bencin da amare ke zama su zaɓi hoto. Ya kunna mata wankakken.

Ta sa bakin mayafi ta share ido, sannan ta yi 'yar dariya.

"Malam Salim, ai ka mai da shi saurayi. Da Inna na da rai da ta ce a ɓoye shi kada 'yan mata su gani."

"Allah ya jiƙan su."

"Amin. Sa min shi a filashi, yau ɗin nan zan tura."

Ta miƙo masa filashin. Ya karɓa, ya riƙe shi a hannu bai soka ba. Waje wani mai rake na ta rangaɗa talla. Sokawa da kwafa ba za su kai minti biyu ba, ta tafi da farin cikinta.

"Hajiya, ki ƙara kallo. Ki dubi kuncinsa."

Ta matso, ta gyara tabarau. Ya ga lokacin da abin ya shige ta.

"Ina tsagarsa?"

Ya faɗa mata duka. Aikin manhajar, da asabarin da bai naɗe ba, da fitilar da ta wuni a jaka. Ya ce yashin nan ba laifin kyamara ba ne, ba kuma na zauren ba, nasa ne.

"Kai?" ta ce. "Kai da ka hana ni sakat a bikin 'yata Rashida? Hajiya koma nan, Hajiya ɗaga kai, Hajiya kin tare haske. Sau uku kana tayar da ni daga kujera."

"Ke ba ki gyara min Fatiha ba, Hajiya."

Ta yi ƙwafa, amma ba ta fushi ba. Ta sake duban kuncin sumul ɗin.

"To ai ku masu kwamfuta ba abin da ba kwa yi. Tunda ka share, mayar. Zana masa abarsa."

"Zan iya zanawa. Guda nawa ce?"



"Uku," ta ce. "A'a, tsaya. Akwai wata gajera ta ƙasa." Ta ɗaga yatsa ta shafi nata kuncin, inda ba a taɓa sa aska ba. "Kai ba ka sani ba? Shekara nawa kana zama a gabansa?"

"Tara. A ƙasa idona yake."

"Ni arba'in da huɗu. Ka tambaye ni ƙafarsa in zana maka. Farcen babban yatsansa na dama a tsage yake tun ina yarinya. Na san takalminsa a cikin ɗari a ƙofar masallaci. Na san hannunsa, don shi ke miƙo min abu. Amma in tsaya in ƙare wa fuskarsa kallo har in ƙirga? Wa ya isa?"

"A ƙauye fa?"

"Sa'anninsa sun ƙare, na baya kuma ba a yi musu ba. In na buga waya kowa zai faɗi nasa, a kwana ana musu. Inna ce za ta sani, ita kuma ta riga shi."

Salim ya ce ko da sun san adadin, bai san tsawon kowace ba, bai san inda ta fara da inda ta tanƙwara ba. Abin da zai zana hannunsa ne, ba askar da ta bi kuncin Malam shekara tamanin da suka wuce ba.

"Nuna min na farkon," ta ce.

Ya buɗe mai yashin, ya tsayar da shi daidai inda Malam ya ɗan juyo, ya ƙara girman kuncin. Ba komai sai ɗige-ɗige, kamar bangon da aka yaɓa wa siminti. Ta girgiza kai.

"Babu a nan ma."

"A tsaye babu. Bari ki ga."

Ya sake shi ya ci gaba da tafiya. Muryar Malam ta cika shagon, wane daga wane. Yashin na ta tafasa, amma a cikinsa, duk sanda tsohon ya motsa baki, sai wasu siraran layuka su bayyana a kuncin, su ɓace, su dawo.

"Ga su," ta ce a hankali. "Me ya sa da ka tsayar ba a gani?"

"Yashin ba ya zama wuri ɗaya, kowace ƙiftawa sai ya sauya. Tsagar kuwa tana inda take. In hoton na tafiya, ido da kansa yake tace su. Sai dai yana son haƙuri, kuma yana sa ciwon kai."

Ta kalli wankakken da ke gefe guda na allon, Malam fes da kuncin jariri, ta kalli wannan.

"Wancan mai kyan, kada ka sa min shi. In yara suka gan shi, shi za su riƙe, ba mai komawa ta kan wannan."

"Dangi za su ce aikin bai yi ba."

"Za su ce. Zan kuma faɗa musu wanda ya ɗauka."

"Ki faɗa," ya ce.

Ya soka filashin, ya kwafa mata mai yashin. Kwamfuta ta nuna ta gama, amma Hajiya Hajara ba ta miƙo hannu ba. Ta jawo bencin har gwiwarta na taɓa tebur, ta cire tabarau ta goge da mayafi ta mayar. Ta kafa wa mahaifinta ido, kai tsaye, ba sunkuyawa. Leɓenta na motsi.

"Huɗu," ta ce. Malam ya juya kai kaɗan, ya ambaci wani malami na Zariya. "A'a. Kamar akwai wata kusa da kunne. Malam Salim, mayar da shi baya."

Ya mayar, ya jawo tasa kujerar kusa da allon.