Rangwaɗar Na'omi

Duk unguwar Yantala an san tafiyar Na'omi. Shekara talatin tana aikin ungozoma, kullum da safe in ta fito da farar rigarta, sai ta ɗaga wuya, kafaɗa ta yi nan, ƙugu ya yi can, ƙafa ta sauka kamar ƙasar ta ubanta ce. Wannan shi ake kira rangwaɗa: tafiyar wadda ta san ana kallonta, kuma ba ta ƙi ba.

Mijinta, Malam Natanayel, tsohon malamin lakwal, wato makarantar boko, kuma dattijon majami'a, ya tsani kalmar nan. "Uwar Priska, rangwaɗa ƙanwar girman kai ce," in ji shi. Ita ko sai ta ce, "Malam, da ita ka gan ni ka biyo."

To, bara santsi ya kwashe ta a bakin famfo, ƙugu ya karye. Wata bakwai tana kwance, ta tashi da sanda. Abin ya ci mata rai ƙwarai, don har ta ji ana cewa Na'omi ta gama yayi.

Ranar godiyar kaka ta zo, ranar da mata ke jerawa da baikon amfanin gona a ka, suna rausaya har gaban majami'a. Na'omi ta sa aka ɗora mata ƙwaryar geron da aka aiko daga Dogonduci. Malam ya miƙa hannu zai karɓa.

"Riƙe wannan dai," ta ce, ta danƙa masa sandar.

Taku biyar ta yi, ƙafar ta hau rawa. Ta tsaya cik, zufa na keto mata. Mai ganga ya sassauta, mata suka yi tsuru-tsuru. Wayyo, ga kunya tana tahowa a gaban jama'ar da rabinsu ita ta yanke wa cibiya!

Sai muryar dattijon nan ta tashi daga baya, ba ko kunyar fasto:

"Uwar Priska! Ina rangwaɗar?"

Kai! Na'omi ta ɗaga wuya. Kafaɗa ta yi nan, ƙugun da aka ɗaura ya yi can, a hankali, ko ƙwayar gero ba ta zube ba. Guɗa ta kaure.

Da ta sauke ƙwaryar, ta juyo ta same shi rungume da sandar, yana share ido da hularsa.

"Malam, yau ba zunubi ba ce?"

"Allah ya yafe mini," ya ce. "Shekara arba'in ina kallo a ɓoye."