Rantsuwar Yaya Goni

Ban daɗe da fita takaba ba wasu maza biyu suka tsaya a ƙofar gidanmu da ke Nguru, ɗaya riƙe da gwangwanin jan fenti. Ina cikin juya kifi a kan banda na ji hayaniya. Kafin in yafa mayafi har sun gama rubutu a jikin katanga. Suka ce kotu ta yanke hukunci, banki zai sayar da gidan.

Na san marigayi maigidana ya jinginar da gidan a wani ƙaramin banki lokacin da ya sayi injin ban ruwa, kuma har ya kwanta ciwo yana biya. Amma wace kotu? Yaushe aka kira ni ban je ba?

Maƙwabciyata Asta ce ta ce akwai lauyoyi a Gashuwa da ke tsaya wa marasa ƙarfi kyauta. Na yi tsaki, don ni a sanina lauya ko gaisuwa ka yi masa sai ya caje ka. Duk da haka washegari na shiga mota.

Wadda na samu a ofishin wata siririya ce, Barista Rahima, da ƙyar ta girmi 'yata Bushra. Raina ya ɓaci, na ce a zuciyata wannan ce za ta ja da banki? Ta saurare ni har ƙarshe, ta tafi kotu ta duba, ta dawo.

"Mama, an yanke hukuncin ne saboda ba ki zo ba," in ji ta. "Sun ce an kai sammaci gidanku, wani Goni ya karɓa."

Yaya Goni wan maigidana ne, shi ya zauna a zaurenmu yana karɓar gaisuwa.

Da na koma na durƙusa a gabansa na tambaya, bai musa ba. Ya ce mace mai takaba ba a shigar mata da takardar kotu, shi ya sa ya ajiye sai na fita, daga baya kuma abin ya shige masa. Ban san lokacin da hawaye suka zubo mini ba. Tausayina ya ji, tausayin kuma ga shi zai kwanar da 'ya'yana a titi.

Barista ta biyo ni har Nguru. Ta cire takalmi a bakin zaure, ta gaida Yaya Goni da ladabi, ta yi masa bayani dalla-dalla. Idan kotu ta gamsu cewa sammacin bai taɓa isa hannuna ba, za ta iya soke hukuncin a sake zama, a nan ne za a nemi banki ya yi sassauci. Abin da ake bukata kawai shi ne ya zo ya rantse.

"'Yata, gaskiya ce, zan faɗa a gaban kowa," in ji shi. "Amma ni ban taɓa dafa Alƙur'ani a kan abin duniya ba. Mahaifinmu ma gona ya bari aka cinye da aka ce ya rantse."

Haka mutanenmu suke. Ko da gaskiyarsu, suna ganin rantsuwar kotu ba ta barin gida lafiya. Barista ta lallaɓa, liman ya yi magana, Yaya Goni ya kafe.

Ni kuwa ba zan iya ɗaga wa wan mijina murya ba, amma ina da dabarata. Ana gobe zaman kotu, da la'asar, na naɗe wa yaran tabarminsu da gidan sauro, na ɗora wa ƙaramin tukunya a ka, na ce su tafi gidan babansu Goni. Na ce wa Bushra ta gaishe shi, ta ce ya nuna musu inda za su riƙa kwana, tunda marayu dai na dangin uba ne. Suka bi ta tsakiyar unguwa a jere, kowa na kallo. Ba a daɗe ba ya dawo mini da su da kansa, ya ajiye tukunyar a soro, ya juya ya tafi.

Da safe na isa tasha na same shi a gaban motar Gashuwa, ya sha rawani, fuskar nan a murtuke kamar wanda za a cire wa haƙori.

A kotu ya yi alwala, aka miƙo masa Alƙur'ani. Da na ga ya ɗora hannu a kai, na ji kunyar abin da na yi masa. Ya rantse. Lauyan banki ya miƙe yana cewa ai wanda ya karɓa ɗan gida ne. Mai shari'a ya dakatar da shi, ya dubi Yaya Goni.

"Malam, me ya hana ka ba ta?"

"Ranka ya daɗe, na shiga da ita har tsakar gida," in ji shi. "Sai na same ta tana ninke rigunan ƙanena. Na kasa."

Ban taɓa sanin ya shigo ba. Na rufe fuska da mayafi na yi kuka, haushin da nake ji duk ya tafi.

Mai shari'a ya yi rubutu mai tsawo, sannan ya ce ya soke hukuncin, kuma kada wanda ya taɓa gidan sai an saurare ni. A waje Barista ta ce da sauran aiki, za ta zauna da banki a tsara biya kaɗan-kaɗan daga hayar shagon ƙofar gida da cinikin kifina, kuma tana ganin za su yarda. Na rungume ta a bainar jama'a, ita da na raina.

Yaya Goni ya matso yana gyara rawani, bai kalle ni ba.

"Fanna," ya ce, "idan an sa ranar zama na gaba, ki aiko a faɗa mini da wuri. Tare za mu zo."