Safar Hannu Mai Fito

Wani siririn fito ne ya tashi Inna a daren, fiii, kamar kukan ɗan tsakon da aka danne. Daga tsakar gida yake fitowa, yana yi yana tsayawa. Ta ce ɓera ne, ta juya ta ci gaba da barcinta.

Da asuba ta fito kwashe shanya kafin hadari ya sauko. Jiya ta wanke wa autanta kayan aikinsa ba da saninsa ba: doguwar rigar ruwa mai launin ɗorawa, da safar hannu ta roba mai kauri, wadda yake sakawa in zai taɓa wayar lantarki. Baƙin mai ya kama yatsun, sabulu ya kasa, sai da ta sa soson ƙarfe. Da ta gama ta hura kowace da baki, ta ɗaure da zare don yatsun su buɗe su sha iska. Haka suka kwana a kan igiya, kamar hannuwan wani ƙato da ya tafi ya manta da su. Yanzu ɗaya tana nan a kumbure, ɗayar ta yi laƙwas. Ta kwance su, ta cusa masa a jaka.

"Inna, na ce ki daina taɓa min kayan nan," in ji Auta, yana ɗaura takalmi.

"Ka ce. Ni kuma ban haifi ƙazami ba."

Ya yi dariya, ya rataya jakar ya fita.

Da hantsi ruwa ya tsagaita, ta leƙa ƙofar gida. Maƙwabcinsu mai faci yana cikin rumfarsa, yana danna tayar keke a kwanon ruwa. Ta ba shi labarin fiton dare da safar da ta kwanta, don dai su yi dariya. Bai yi ba. Ya saki tayar.

"Da kanta ta sace?"

"Da kanta."

"Inna, abin da aka hura ya sace da kansa, huji gare shi. Inda iska ta fita, ta nan wuta za ta shiga."

Sau biyar ta kira wayar Auta, tana ƙara har ta katse. Mai faci bai ko rufe rumfa ba, ya tayar da babur, ta hau baya. A ofishin 'yan lantarki mai gadi ya ce motoci biyu ne suka fita da safe, kuma ta su Auta tana bayan kasuwa, inda iska ta kayar da bishiya a kan waya.

Tun daga nesa ta hango shi a can saman turken wuta, ɗan mitsitsi, rigar tana ƙyalli saboda wankin jiya. Ta buɗe baki, babbansu na wurin aiki ya tare ta.

"Kada ki kira shi, Mama. In ya waiwaya da sauri, shi ke nan."

Mai faci ya yi masa bayani a kunne. Fuskar mutumin ta sauya.

"Ba ku kashe wutar ba?" in ji Inna.

"Ta ƙasa a kashe take. Ta sama asibiti take kai wa wuta, ba a kashe ta. Wacce ce ta huje, dama ko hagu?"

Ta dubi hannuwanta, ta juya su. Ta tuna igiyar, ta tuna zaren, ta tuna har da wani ƙudan da ya kwana a kan babban yatsa. Dama ko hagu kam, ta rasa.

Babbansu ya kama igiyar da ake aika wa Auta kayan aiki da ita, ya ja ta a hankali sau biyu. Auta bai motsa ba. Hannunsa na dama yana tafiya sama, kusa da wayar, ruwa yana ɗiga daga gwiwar hannun. Aka sake ja. Sai ya tsaya, ya leƙo ƙasa, ya fara saukowa. Inna tana son yin addu'a, amma bakinta ƙirga matakan tsani kawai yake yi.

Ƙafarsa na taɓa ƙasa mai faci ya zare masa safar. Ya hura ɗaya, ya murɗe bakinta, ya kara a kunne. Shiru. Ya danna ta a cikin ruwan da ya kwanta a gefen titi, ko kumfa ɗaya babu. Ɗayar ma haka.

Inna ta karɓa. Yatsun baƙi ƙirin da mai.

"Ba waɗannan na wanke ba."

"To, dama," in ji Auta. "Nawa da lema a ciki, Inna, ba su bushe ba. Na ajiye su a kan benci a ɗakin kaya, na ɗauki wasu. Wai me ya faru ne kuka zo har nan?"

Ta zauna daɓas a jiƙaƙƙiyar ƙasa, tana dariya tana share ido da bakin mayafi. Ita kaɗai take dariyar.

"Bencin da kowa ke ɗaukar safa a kai?" in ji babbansu, yana laluben waya a aljihu. "'Yan ɗaya motar bayanku suka shiga ɗakin."

Auta ya dubi hannuwansa. Yayyafi ya dawo, yana ƙwanƙwasa rigar ruwan.

Mai faci ya matse safar da ke hannun Inna, iskar da ta rage ta fita.

"To, naka ɗin," ya ce wa Auta, "yanzu a hannun wa suke?"