Rawar Asabar ta Don Anselmo

Tun da baƙuwar ta faɗi abin da ya kawo ta, hankalin Don Anselmo ya tashi. Sunanta Yesenia, tana bin gidajen naƙasassu a unguwarsu da ke birnin Veracruz na ƙasar Meziko tana tambayar yadda suke shaƙatawa. Da amsoshinsu za a yanke ko motar da ke kai su dandali ranar Asabar za ta ci gaba, ko a tsayar da ita.

A gidan mutunci ba a barin tsoho da baƙo su kaɗai, don haka 'yarsa Griselda ta jawo kujera ta zauna daf da shi. Tun da ciwon suga ya cinye masa ido ta hana shi taka ko bakin titi. Ba ta sani ba, duk Asabar in ta fita sayar da kifi, shi kuma sai ya zura farar rigarsa ya hau motar, ya je ya taka rawar danson da Doña Chayo, gwauruwa mai ƙafar roba.

"Don Anselmo, kana fita rawa ko wasa?" in ji Yesenia.

"Ina zai je?" in ji Griselda. "Rediyonsa ya ishe shi."

Yesenia ta yi ajiyar zuciya. "Haka ake ta ce min tun safe. To, motar ta zama ta banza ke nan."

Tsohon ya san ƙarya aka yi ta gaya mata. Kowa da mai tsaronsa a gefe, shi ya sa. Ya tuna Chayo tana jan hannunsa tana cewa, "Makaho, ka taka min ƙafar gaske!" Tsoro ya cika shi, amma bakinsa ya riga shi.

"Ina fita, 'yata. Duk Asabar. Ki je gidan Chayo da na abokina Eleuterio ki sake tambaya, amma ki kori 'ya'yansu waje tukuna."

Griselda ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta ƙara wa baƙuwa kofi, ta raka ta har ƙofa da fara'a, sannan ta dawo ta gyara masa wuyan riga a hankali.

"Na bar kasuwar Asabar, Baba. Ina nan tare da kai."

Ba a tsayar da motar ba. Duk Asabar yana jin ta ta tsaya a ƙofarsu, direba ya danna hon sau biyu, ya ɗan jira, sannan ya wuce.