Ranar da Na Ƙara Masa Iska

Ni dai tun da aka kawo ni gidan Malam ban taɓa auna masa abinci ba. In tuwo ne sai ya ture murfin kwano, in kunu ne sai ya ce "Hajara, ya isa" sau biyu kafin in ɗaga ludayi. Haka na ga uwata tana yi a Kibiya, kuma a garinmu macen da ke tsakura wa miji abinci ba ta da sunan kirki ko a bakin rijiya. Na faɗi wannan ne don a san irin matar da aka miƙa wa tukunyar iska, aka ce ta riƙa ba mijinta kaɗan-kaɗan.

Shekara ashirin da biyu Malam ya yi a bakin wutar wani gidan burodi a Unguwa Uku, yana tura itace yana shaƙar hayaƙi. Da tari abin ya fara, sai haki, har ta kai daga ɗakinmu a Gyadi-Gyadi zuwa masallacin layi sai ya dafa bango sau uku. An kwantar da shi sati biyu a asibiti. Da aka sallame mu, muka dawo da doguwar tukunyar oksijin da ta kusa kai min kafaɗa, da wata siririyar roba da ake saƙala masa a hanci.

Sista Jamila ce ta haɗa mana ita. Nas ce, katanga ɗaya ta raba gidansu da namu, kuma ba ta fi 'yata Fiddausi da shekara biyar ba. A wuyan tukunyar akwai wata 'yar kwalba mai lambobi, da ɗan ƙwallo a ciki da ke tashi sama idan an murɗa makunnin. Ta murɗa har ya tsaya a kan ɗaya, ta yanko filasta ta manna daidai wurin.

"Maman Fiddausi, kin ga nan? Kada ƙwallon nan ya wuce filastar."

Na ce, "Ɗaya tak? Ga lambobi nan jere har sama."

Ta ce, "Matsalar Baba ba shigar iska ce kaɗai ba. Numfashinsa ba ya yin zurfi, gurɓatacciyar iskar da ya kamata ya fitar tana taruwa a jikinsa. In aka cika masa wannan, sai ya ƙara sassauta numfashi, waccan ta taru ta bugar da shi. In kika ga barci ya yi masa nauyi, ki kira ni ko ina wurin aiki."

Na ce to. Amma a zuciyata cewa na yi tattali ne irin na mutanen asibiti, waɗanda ko ruwan sha sai sun duba layin kofi. Na ɗauka tsoron ƙarewar tukunyar take, ta rufe min da dogon bayani don kada in ji kunya.

Kwana tara na bi umarninta, kuma kwana taran nan ban san daɗinsu ba. Malam ba ya iya kwanciya, sai dai ya jingina da filo uku, kafaɗunsa suna hawa suna sauka, leɓensa ya yi duhu. Kullum da safe ciwon kai. Yakan kalli tukunyar, ya kalle ni, bai taɓa cewa komai ba, don shi ba mai roƙo ba ne ko a gidansa. Ni kuwa sai in tashi in kama sharar da na riga na yi.

Rana ta goma, wata Talata da hantsi, Yaya Bello ya iso daga Kibiya da fura da ƙwan zabi. Shi ne wan Malam, shi ya riƙe shi bayan rasuwar mahaifinsu, maganarsa ba a mayar da ita a gidansu. Ya tsaya a bakin ƙofa ya kasa ƙarasa sallama.

"Ashiru, haka ka koma?"

Malam ya so ya gaishe shi, gaisuwar ta tsinke a tsakiya. Yaya Bello ya zauna a tabarma, ya daɗe yana kallon tukunyar.

"Wannan a cike take?"

Na ce, "A cike take, Yaya."

"To me ake jira? Mutum yana neman iska, ga iska a tukunya, an ɗaure mata baki?"

Na yi masa bayanin Sista Jamila iya yadda na riƙe, wanda ba shi da yawa. Ya girgiza kai.

"Nas ɗin ce ke aurensa ko ke? In tsoron ƙarewa kuke yi, ni zan sa a ciko wata." Sannan ya ƙara a hankali, "Hajara, ban san ki da rowa ba."

Ba zan ɗora wa Yaya Bello abin da bai yi ba. Ko kusa da tukunyar bai je ba. Hannuna ne, kuma abin da ya faɗa shi ne abin da na kwana tara ina faɗa wa kaina. Na murɗa, ƙwallon ya haye filastar, ya wuce uku, ya wuce huɗu, na bar shi a kan shida. Robar ta ɗauki wani huci mai ƙarfi da ban taɓa jin ta yi ba.

Wallahi kafin fura ta damu, leɓen Malam ya washe. Kafaɗunsa suka sauka. Ya dube ni ya ce, "Allah ya yi miki albarka." Ya zame daga kan filon ya miƙe ƙafa, karo na farko a wata guda da na ga bayansa ya taɓa katifa sosai, ya lumshe ido. Daɗi ya kama ni har na ji ƙwalla. Yaya Bello ya ce, "Kin gani ko?"

Ranar kuwa kamar an yi shela, masu dubiya suka yi ta zuwa. Matan gidanmu, abokan aikinsa biyu daga gidan burodi, wata ƙanwar babarsa daga Darmanawa. Ni ce a bakin ƙofa, yatsa a leɓe, ina ce wa kowa, "Ya samu barci." Kowa kuma amsarsa ɗaya: "Alhamdulillahi, sauƙi ya zo, kada a tashe shi." Su leƙa, su yi addu'a a ƙasa-ƙasa, su fita a hankali. A wurinmu ai babu albishir ga mai jinya kamar mara lafiya ya yi barci, kuma babu rashin hankali kamar a tashe shi.

Da aka kira azahar na nufi gadon, Yaya Bello ya ɗaga min hannu. "Bar shi, ya rama in ya farka. Allah ya san halin da yake ciki." Maganar Sista Jamila a kan barci ta faɗo min a lokacin, ba zan ce ba ta faɗo ba. Na ture ta gefe. Na ga fuskarsa ta yi ja, ta yi ɗumi, yatsunsa suna ɗan fizga, sai na ɗauko mafici na zauna ina yi masa fifita. Har dambu na ɗora, wai ya samu abin da yake so in ya tashi.

La'asar ce ta tsorata ni. Malam bai taɓa haɗa salla biyu yana kwance ba. Na taɓa ƙafarsa na ce, "Malam, la'asar." Shiru. Na girgiza kafaɗarsa, idonsa ya buɗe rabi ya koma. Na zuba wa ƙirjinsa ido. Ya ɗaga kaɗan, ya sauka, sannan ya tsaya, ya tsaya, har na buɗe baki zan yi ihu, ya sake ɗagawa kaɗan.

Ko takalmi ban sa ba na faɗa gidan su Sista Jamila. Shigowarta ke nan daga aikin safe, fararen kayan suna ƙarƙashin hijabinta. Da ta shiga ɗakinmu ba Malam ta fara duba ba, kwalbar ta duba. Ta mayar da ƙwallon ƙasa, ta danna masa ƙashin ƙirji da gaɓar yatsa tana kiran "Baba! Baba!" Ko motsi bai yi ba.

"Tun yaushe?"

"Tun hantsi."

Ta rufe ido na ɗan lokaci. "A kira Lawan na layinmu ya kawo adaidaitarsa. Yanzu."

Asibitin ba shi da nisa da mu, mai lafiya da ƙafa yake zuwa. Amma lokacin tashi daga aiki ne, titi ya cushe. Lawan yana ta oda yana kutsawa, Yaya Bello yana gefensa rungume da tukunyar, hularsa ta faɗi a hanya bai ko waiwaya ba. A baya kan Malam yana cinyata, Sista Jamila ta tallafe masa haɓa sama da yatsunta don hanyar iska ta buɗe. Ni ba abin da aka ba ni in yi. Salati kawai nake, shi ma ina ɓata shi ina sakewa.

Wani likita matashi ya ɗebi jini a wuyan hannun Malam, ya dawo ya ce gurɓatacciyar iskar ta yi yawa ƙwarai. Suka zura masa roba ta baki har maƙogwaro. Ya ce akwai injin da ke yi wa mutum numfashi, amma duk suna kan wasu marasa lafiya, sai an samu wanda aka cire. Kafin nan sai da hannu. Suka haɗa robar da wata jaka mai kauri kamar ƙwallon yara, in an matsa ta ƙirjin Malam ya tashi, in an saki ya sauka.

Na ce, "Likita, zai farka?"

Ya ce, "Muna fata, Mama. Sai iskar ta fita tukuna, mu ga abin da ta bari."

Wata nas ta fara matsawa, aka kira ta wani gadon. Sista Jamila ta karɓa, ta yi ta yi har rana ta yi ja a taga, na ga yatsunta suna ƙagewa, ga shi tun asuba take tsaye. Yaya Bello yana waje, an hana shi shiga, ina hango shi ya haɗa kai da bango. Ta dube ni, ta kamo hannayena ta ɗora a kan jakar.

"Rabi za ki matsa, ba duka ba. Ki saki, ki ƙirga biyar, ki sake. Kada ki yi sauri, kada ki ƙara. Ina nan kusa da ke."

Na matsa, ƙirjin mijina ya tashi a hannuna. Na ce, "Sista, ni ce na murɗa."

Ta ce, "Na sani. Ƙirga."

Na ƙirga. Tsakanin ɗaya da biyar ɗin nan ba ya numfashi ko kaɗan, ni nake riƙe da shi, kuma hannuna so yake ya matse jakar gaba ɗaya, ya ƙara, ya ƙara, ya cika masa ƙirji. Ban taɓa jin tsoron hannuna ba sai ranar.

Wata dattijuwa da ke jinyar ɗanta a gadon kusa da mu ta ɗaga labule ta leƙo. Ta kalli Malam, idonsa a rufe, fuskarsa a sake, ta yi murmushi irin na mai son ƙarfafa gwiwa.

"Sannu, baiwar Allah. Ya mai jiki? Na ga dai ya samu barci."

Na buɗe baki zan ce alhamdulillahi, yadda ake amsawa, kalmar ta ƙi fita. Lissafina ya kai biyar. Na matsa rabi, na saki.