Lambobin Jinin Auta

Inna ta koyar da lissafi har ta yi ritaya, aikin kuwa ya bar mata hali ɗaya: ba ta yarda da lambar da ta cika kyau. Ba ta kuma yarda da kwamfutar hannun nan da aka raba wa nas-nas ba. A ganinta, tun da abin ya zo suka daina kallon fuskar mara lafiya.

Ranar ta raka autarta awo. Cikin Auta ya shiga wata takwas, mijinta ma'aikacin kamfanin gina hanya ne, inda kwalta ta nufa nan suke komawa, don haka kowane awo a garin da ya same ta take yin sa. Yanzu ta dawo gida da ciwon kai, zoben hannunta ya ƙi fita.

Ɗakin awon ƙarami ne, gado ɗaya, fanka mai ƙara, sikeli a bayan ƙofa. Sista ta naɗa wa Auta abin awon jini a dantse, ta matsa, ta saurara.

"Ɗari da talatin da biyu. Bai kai layin haɗari ba, sai ɗari da arba'in muke tashi tsaye. Kumburi kuwa, wace mai ciki ce ba ta yi?"

"Kin ji ko, Inna? Na ce miki rashin barci ne."

"Ke da kika iya barci a kan babur? Rufe mana baki." Inna ta juya. "Sista, shi layin nan wa aka auna aka ja shi? 'Yata?"

"Kowa da kowa, Mama."

"Ban haifi kowa da kowa ba."

Sista ta yi dariya, ta ja kwamfutar ta shigar da lambar katin Auta don ta rubuta awon yau. Inna ta taɓe baki, an koma kallon gilashi. Sai ta ga dariyar ta ɗauke daga fuskar Sista.

"Mama, matso ki gani."

Ɗigo-ɗigo ne a jere, kowanne da kwanan wata da asibitin da aka yi awon. Casa'in da biyu. Casa'in da biyar. Ɗari da ashirin cif. Ɗari da ɗaya. Ɗari da goma sha huɗu. Sai na yau, can sama.

Inna ta sa yatsa a kan na ukun. "Wannan ƙarya ne."

"Wannan ba a auna ba," in ji Sista, murya ƙasa-ƙasa. "In layi ya yi tsawo, lambar da hannu ya saba ita ake dannawa. Duk mun san ta."

Inna ta rufe ɗigon da babban yatsanta. Sauran suka miƙe suka zama layi guda, mai hawa, yana ƙara tsayi a ƙarshe. Ta zana irinsa a allo ba adadi, da alli, don yara su ci jarrabawa. Ba ta taɓa ganin an zana shi da jinin 'yarta ba.

"Ashe ke jininki ƙasa yake zama," Sista ta ce wa Auta. "Abin da yake daidai a jikin wata, a naki hawa ne. Tashi ki kawo fitsari, yanzu."

Tsinken gwajin ya sauya launi tun Sista ba ta ajiye shi ba. Ta kira babban asibiti. Kafin motar ta kai su, likitan can ya riga ya buɗe layin nan a nasa gilashin, bai tambaye su kati ba, bai ce a faro labari daga farko ba. Ya dubi Auta, ya dubi Inna.

"Da an ce ta je gida ta huta, jijjiga muke tsoro. Za mu kwantar da ita mu sa ido."

A daren nan jinin ya haye layin da kowa ya sani, amma ya tarar ana jiransa da allura. Da safe aka yi tiyata, aka ciro yarinya 'yar mitsitsiya mai faɗa da kowa.

Inna ta zauna a bencin baranda, ba jaririyar take tunani ba tukuna. Nas-nas ɗin da suka yi wa Auta awo a baya take tunani. Wata a wani gari mai nisa, ɗaki cike da masu jira, ta ga casa'in da biyu ta rubuta casa'in da biyu, har da biyun. Ba ta san Auta ba, ba ta san za a taɓa dubawa ba, ba kuma za ta ji labarin yau ba. Wata ma ta yi haka, wata ta sake yi. Ba su san juna ba, amma kamar sun haɗa baki suka miƙo mata 'yarta hannu da hannu.

"Allah mai iko," ta ce a hankali.

Da ta koma ciki, wata nas tana cire wa Auta abin awo.

"Nawa, 'yar nan?"

"Ya sauka, Mama. Kusan ɗari da ashirin."

"Kusan?"

Nas ɗin ta sake dubawa. "Da uku."

"To rubuta da ukun."

Auta ta lumshe ido. "Sista, ki yi haƙuri. Haka muka taso."

Inna ba ta kula ta ba. Ta tsaya a kan nas ɗin har ta ga ukun ya shiga.